Wasiƙa daga Kazan

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Hajiya da ƙafar tata? Na san ka yi fushi da shirun nan na wata uku, to ka sassauta, yau da labari na zo.

Ranar Talata malamina ya kira ni ɗakin gwaji, ya warware wani ƙyalle ya ɗora min kwandala a tafin hannu. Ƙarama ce, fara dishi-dishi, amma wallahi nauyinta sai da ya ba ni mamaki: giram 10 da ɗoriya. Rubul uku ce, kuɗin Rasha, ta farin ƙarfen nan mai daraja, filatinam, cikin waɗanda aka buga a Sen Fitasbag daga 1828 zuwa 1845, zamanin Sarki Nikolas na ɗaya. Wani dattijo mai tara tsofaffin kuɗi ya kawo a duba masa ko ta gaske ce.

A jikinta an rubuta da Rashanci cewa tsantsar filatinam ce ta duwatsun Ural. Da na sa ta a na'urar XRF mai nuna irin ƙarafan da ke jikin abu, sai ga baƙin ƙarfe ya fito ɓaro-ɓaro, ga wani ƙarfen, iridiyam, a bayansa. Na rataye maganaɗisu mai ƙarfi da zare, na matso da ita a hankali, ina kallo zaren ya ɗan karkata wajenta. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an cuci dattijo. Malam kuwa murmushi ya yi, ya ce wannan dattin shi ne shaidarta.

Ka ga, a lokacin ba su da wutar da za ta narkar da filatinam mai yawa, don sai zafi ya kai digiri 1768 a ma'aunin Celsius. Dabarar wani injiniyan Rasha, Sobolevsky, suka bi: a narkar da ma'adinin a ruwan asid ɗin nan mai cinye zinare, a fitar da shi gari, a danne, a gasa, a yi ta duka har ya haɗe. Tacewar ba ta kaiwa ƙarshe, shi ya sa ƙarfen ke maƙalewa. Wadda ta fito tas-tas ita ce abin tuhuma.

Af, an ce ka sayi mashin, har ka daina gaisawa da masu tafiya a ƙasa! Kuma wai maganar gidan su Ladidi ta taso kuma? Kai dai ba ka ji.

Abin da ya hana ni barci shi ne dusar da ta rage bayan tacewar. Irinta masanin sinadarai Karl Klaus ya yi ta bincike a nan jami'ar Kazan har ya gano sabon ƙarfe, ruteniyam, a 1844. Kullum ina wucewa ta gaban ginin, sai yanzu abin ya shige ni.

Damuwata ɗaya: na'urar fatar kwandalar kawai take karantawa, dattijon kuma ya rantse ko ƙwarzane ba za a yi mata ba. Ina bayansa, amma ina son sanin cikinta. Gobe zan auna ta a iska da cikin ruwa in ga ko nauyinta ya gaza na tsantsar filatinam, wato ninki 21.45 na nauyin ruwa mai girmanta. Ka sa ni a addu'a.

Akwai abin da na zauna tambayarka, ya ɓace min. Idan ɗan Baba Ƙarami zai taso a watan gobe, a haɗo min da yaji da kuka, nawa sun ƙare tun kafin dusar ƙanƙara ta sauka.

Naka har kullum.