Zuwa ga abokina, kan maganar barin nama da ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen gida? Allah yasa kowa kalau. Saƙon muryarka ya iso na saurara har ƙarshe, kuma gaskiya abin ya tsaya min a rai shi yasa nace bari in zauna in rubuto maka da kyau ba in amsa da layi biyu ba.

Kace tunda ka bar nama da kifi da ƙwai da madara ka koma cin kayan tsiro zalla kana zuwa jim, wajen ɗaga ƙarfe, ba fashi amma jiki yaƙi ƙaruwa, sai ma ramewa da kake, ga waɗanda kuke ɗaga ƙarfe tare suna ta ce maka wai ba'a yin ƙwanji sai da nama. Toh ni bazan ce ka koma nama ba, nasan ba da wasa ka yanke wannan shawarar ba. Amma daga lissafin da kayi min na abinda kake ci a rana, wallahi ba rashin nama ne damuwarka ba, abincin ne baya isarka.

Kaga ita tsoka babu ruwanta da inda furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, ya fito. Duk abinda ka ci ciki zai narkar dashi ya koma ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, guda 20 ne jiki yake gini dasu, 9 daga ciki baya iya haɗa su da kansa dole sai daga abinci, kuma duka taran nan akwai su a tsiro. Inda bambancin yake shine hatsi irin shinkafa da alkama da masara suna da ƙarancin wanda ake kira laisin, su kuma dangin wake suna da laisin sosai amma metiyonin ɗinsu kaɗan ne, in ka haɗa biyun sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa, kuma ba dole sai a kwano ɗaya ba, in dai a wuni ɗaya ka ci su ya wadatar.

Yanzu zo muyi lissafi. A 2018 an fitar da wani babban nazari da ya tattaro bincike 49 akan masu ɗaga ƙarfe, abinda ya nuna shine amfanin ƙara furotin yana tafiya har wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyin mutum a rana, daga nan ƙarin da ake samu ba wani mai yawa bane, duk da wasu suna kaiwa 2.2 dan su tabbatar. Kai kace kilo 65 kake, kenan kana buƙatar wajen giram 104 kullum, ni da zan baka shawara ma ka nufi 115 zuwa 120 tunda furotin ɗin tsiro baya narkewa duka kamar na dabba. Toh dafaffen wake giram 100 furotin ɗin cikinsa bai wuce giram 8 zuwa 9 ba, kaga in da wake kaɗai zaka dogara sai ka cinye sama da kilo guda a rana, wane ciki ne zai ɗauki wannan kullum? Anan mutane da yawa suke faɗuwa, su cika faranti da ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace su tashi ciki dam suna ganin sun ci abinci, alhali kamar buhun auduga ne, ya cika fam amma ba nauyi.

Shi yasa dole ka nemi abubuwan da suke da furotin mai yawa a ɗan ƙaramin waje, kuma babba a cikinsu waken soya ne. Busasshensa yana da wajen giram 36 a cikin 100, kuma furotin ɗinsa yana cikin mafi inganci a duk tsiro, yana da wani amino asid ɗin daban da laisin da ake kira lusin da yawa, shi lusin ɗin nan shine yake tada aikin gina tsoka bayan ka ci abinci. Awara mai tauri giram 200 zata baka giram 25 ko fiye, kofin madarar soya wajen 7, niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali 2 wajen 7, kofin dafaffen wake wajen 15. Ka duba mana, da safe ots (hatsin nan oats) da ka dama da madarar soya ka zuba gyaɗa a kai, da rana shinkafa da wake da yankan awara a gefe, bayan jim kofin madarar soya da burodi, da dare kuma awara ko wake da taliya, in ka zuba da hannu sake zaka kai ɗarin nan ba tare da ka shaƙe kanka ba. Ka raba shi sau 4, kowane zama ka samu giram 25 zuwa 30, yafi ace ka tara duka da dare. In kuma ranar ta cushe babu laifi ka sha garin furotin na soya ko na fis (koren waken nan peas), abinci ne kawai aka tace ba wani magani ba.

Nasan abinda za'a ce maka akan soya, wai yana rage sinadarin maza yana sa namiji ya fito da nono. An tattaro bincike da yawa akan wannan a 2010 aka sake a 2021, duka ba'a ga soya ya rage sinadarin mazan, wato testosteron, a jikin maza ba. Ka ci abinka.

Sannan kar ka tsaya akan furotin kaɗai ka manta da yawan abincin gaba ɗaya, dan ni inaga nan ne ainihin inda kake rasawa. Wanda yake ramewa yana nufin abinda yake ƙonawa yafi abinda yake ci, kuma jikin da yake cikin wannan halin da wuya ya yarda ya gina sabuwar tsoka. Ka ƙara kalori (ma'aunin kuzarin da abinci yake bayarwa) 300 zuwa 500 akan abinda kake ci yanzu, hanya mafi sauƙi itace mai da gyaɗa da riɗi da dabino da ayaba, ka rage tulin ɗanyen ganyen nan kafin cin abinci dan shi yake cinye maka waje. In wake yana kumbura maka ciki ka jiƙa shi ya kwana ka zubar da ruwan ka dafa shi ya nuna luguf, kuma ka dinga ƙarawa a hankali, ciki yana sabawa.

Su kuma abokan jim ɗin naka, akwai binciken da akayi a Jami'ar Sao Paulo ta Burazil aka buga a 2021, samari 19 masu cin tsiro zalla da 19 masu cin komai, duka aka kai furotin ɗinsu giram 1.6 a kilo, masu tsiro da garin furotin na soya, masu cin komai da na madara, sukayi sati 12 suna atisayen ƙafa, da aka auna girman tsoka da ƙarfi ba'a ga bambanci ba. Akwai kuma Patrik Baboumian wanda ya zama mafi ƙarfi a Jamus a 2011, a 2013 a Toronto ta Kanada ya saɓa sama da kilo 550 ya taka mita 10 dashi yana kan cin tsiro zalla, da Kendrick Farris ɗan Amurka da ya ɗaga ƙarfe a gasar Olamfik ta Rio a 2016 shima haka. Amma gaskiya ni nafi jingina da binciken samarin nan akan sunayen manya, dan su Farris sun riga sun gina jikinsu tun kafin su canza abinci, samarin kuwa kamarka suke.

Yanzu ga maganar da tafi damuna, dan Allah ka karanta nan sau biyu. Bitamin B12. Babu shi a tsiro ta yadda za'a dogara, babu a wake babu a ganye babu a soya sai dai in kamfani ne ya ƙara shi, kuma baka ambace shi ko sau ɗaya ba a saƙonka. Babba yana buƙatar maikurogiram 2.4 ne kacal a rana, ɗan mitsitsi, amma hanta tana ajiye shi na shekaru shi yasa mutum zai daɗe yana jin garau yana cewa ai lafiyata lau, sai daga baya gajiya ta fara, jini yayi ƙasa, tafin hannu da ƙafa su dinga yin kamar ana tsira allura, mantuwa ta shigo, kuma in ya taɓa jijiyoyi ya daɗe wani lahanin baya gyaruwa. Wannan ba maganar ƙwanji bace ma, maganar lafiyarka ce. Ka sayi ƙwayar B12 ka fara sha, kuma tunda kace kana yawan jin kasala kaje asibiti a auna maka jini a duba B12 da ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini) da bitamin D.

Shi ayon akwai shi a wake da ganye amma irin na tsiro jiki baya zuƙarsa da sauƙi, ka dinga haɗawa da lemu ko tumatir ko tattasai dan bitamin C yana taimaka masa ya shiga, shayi da kofi kuma suna tare shi, ka basu tazarar awa guda da abinci. Ka dinga amfani da gishiri mai aidin, sinadarin da yake kare mutum daga maƙoƙo. Kiriyatin kuma, sinadarin da yake bawa tsoka kuzari lokacin ɗagawa, nama da kifi ne suke dashi shi yasa masu cin tsiro nasu yake ƙasa a tsoka, giram 3 zuwa 5 a rana ya isa, wanda ake sayarwa haɗa shi ake ba daga dabba ba, sai dai ka ɗauki na gari dan kwanson kafso sau da yawa daga dabba ake yinsa. Shi kiriyatin ba dole bane, B12 ne dole, in kuma kana da matsalar ƙoda ka fara tambayar likita.

Ɗagawar kanta ma akwai gyara, naji kace kullum kana jim kuma nauyi ɗaya kake ɗagawa tun farko. Jiki baya girma sai ka dinga ƙara masa kaya, ko kilo ko yawan ɗagawa, ka samu ɗan littafi ka dinga rubutawa. Ka riƙe manyan atisaye, tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗagowa daga ƙasa, turawa daga ƙirji, jan jiki sama, kowane sashe na jiki sau 2 a sati, kwana 3 ko 4 a jim sun ishe ka, sauran ka huta kayi baccin awa 7 zuwa 9 dan a lokacin hutu tsokar take ginuwa.

Abinda nake so kayi min, ka rubuta duk abinda ka ci na kwana 3 kar ka ɓoye komai ka turo min mu lissafa tare, ka hau sikeli sau ɗaya a sati da safe kafin ka ci komai, in wata guda ya wuce bai motsa ba mu ƙara abinci. Sakamakon jinin ma ina jira.

Ka gaida min Mama da kyau da sauran ƴan gida.

Naka har kullum,
abokinka