Wari a cikin jirgin sama: mu daina ganin laifin ma'aikata idan sun juya da mu

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya tsaya min a rai tun wata tafiya da na yi kwanaki. Mun tashi lafiya, ba mu fi minti ashirin a sama ba sai wani wari ya fara zagaya wajen kujerunmu na baya, ba ƙauri ba ne sosai, ya fi kama da na tsohuwar safa da ta jiƙe. Kowa ya ji amma kowa ya yi gum, sai wata baiwar Allah mai goyo ce ta danna ƙararrawa. Ma'aikaciyar da ta zo ba ta ce mata ai ba komai ba, tambayoyi ta jero mata, tun yaushe kika ji, kamar warin me, daga sama yake zuwa ko daga ƙasa, kanki na ciwo? Daga nan na ga ta bi akwatunan kaya na saman kanmu tana shafa murfinsu da bayan hannu ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa ban ɗaki har kwandon shara ta buɗe, wata ma'aikaciyar kuma ta kashe na'urar ɗumama abinci ta ɗauki waya ta kira matuƙa. Can sai kyaftin ya ce za mu koma inda muka taso.

Wallahi abin da ya ba ni haushi shi ne yadda wasu suka dinga masifa, wai a kan ɗan wari za a ɓata musu lokaci, wani har yana ɗaga wa ma'aikaciyar nan murya.

Jama'a, a yawancin jiragen nan iskar da muke shaƙa daga injin ake janyo ta, a sanyaya ta sannan a turo mana, in ka cire irin su Boeing 787 da ke jan tasa da na'urar lantarki daban. To idan abin da ke tare baƙin mai a cikin injin ya ɗan saki, man ya haɗu da zafin nan, tururinsa cikin iskarmu zai biyo, shi ne wannan warin safar, kuma yana iya sa jiri da tashin zuciya da ciwon kai, ka ga kuwa idan matuƙi ne jirin ya kama ai magana ta zama babba. Matatar iskar da ke cikin jirgi ƙura da ƙwayoyin cuta take kamawa, ba ta tare irin wannan tururi. Ban ɗaki da ɗakin kaya suna da na'urar gano hayaƙi, amma wari irin wannan hancin mutum ne ke fara sanin da shi, na ma'aikata da namu.

Shi ya sa ba a koya musu su tsaya canki-canka. Matuƙa idan abin ya kai wajensu takunkumin oksijin suke fara sakawa kafin komai, sai su buɗe littafin matakan gaggawa su bi layi-layi, a kashe wutar kicin da ta talabijin ɗin kujeru, a rufe hanyar iska ta ɓangare ɗaya a ga ko warin zai ragu, in bai ragu ba a gwada ɗayan, duk suna yi suna duba filin jirgi mafi kusa. In kuma batirin waya ne ko fawa bank ya ɗau zafi ya kama wuta, bayan an kashe wutar, ruwa ake ta zuba masa har ya huce. Wani a jirginmu ya yi ta tambaya me ya sa ba a sako mana takunkumin da ke saman kai ba, alhali shi wannan an yi shi ne don lokacin da iska ta yi ƙaranci, yana gauraya oksijin da iskar cikin jirgin ne, hayaƙin zai shiga dai, ga shi oksijin ƙara wa wuta ƙarfi yake. Gara a matsar da mutum daga wajen, a ba shi jiƙaƙƙen tawul ya rufe hanci ya sunkuyar da kai.

Da jini aka koyi darasin nan. A watan Satumba na 1998 matuƙan jirgin Swissair 111 da ya taso daga New York zuwa Geneva sun ji wani baƙon wari, suka ɗauka daga na'urar sanyaya iska ne, ashe wuta ce ke ci a saman rufin inda ido ba ya gani, kimanin minti 21 bayan nan jirgin ya faɗa teku kusa da gaɓar Kanada, mutum 229 babu wanda ya fita. Na Saudia 163 kuwa a 1980 ya ma dawo ya sauka a Riyad bayan hayaƙi ya tashi daga ɗakin kaya, amma ba a fitar da mutane nan take ba, duka 301 suka rasu, Allah ya ji ƙan musulmin cikinsu.

Gaskiya ne sau da yawa warin ba wani abu ba ne, ɗan warin kananzir lokacin da ake tayar da inji a ƙasa, ko abincin wani, ko wata ta buɗe man farce. Amma ni da kai ba mu ne za mu tantance ba, namu mu faɗa da wuri, mu faɗi kamar me yake da inda ya fi ƙarfi.

Su ma kamfanoni ina da ƙorafi a kansu. Mu da muka sauka babu wanda ya zo ya yi mana bayanin abin da aka gano, babu wanda ya tambayi mai goyon nan ko jaririnta lafiya, sai dai aka ce mu jira wani jirgin. Tun 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da jagora kan horar da ma'aikata da kai rahoton irin wannan, to a rubuta a littafin jirgi injiniyoyi su duba, mun yarda, amma wanda ya shaƙi abin shi ma a gaya masa me ya shaƙa, ko don ya san abin da zai faɗa wa likita idan ciwon kan bai sake shi ba.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatunku