Goyon Bayan Ƙungiya Ba Ya Hana Hannu Saƙa, Ba Ya Hana Ƙafa Gudu

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi tsokaci a kan shafinku na wasanni, wanda nake karantawa ta intanet daga unguwar Bronx da ke birnin New York a Amurka. Shafin yana ƙoƙari ƙwarai, sai dai kusan duk abin da ke cikinsa labarin ƙwallon ƙafa ne na Ingila da Sifaniya, kuma da alama mai karatun da ake rubuta wa shi ne saurayin da ke zaune a bencin gidan kallo, babu komai a hannunsa sai waya. Ni kuwa mace ce da ta ba arba'in baya, ina da ƙungiyar da nake ƙauna kamar yadda kowane saurayi yake da tasa, amma tawa ta ƙwallon besbol ce. Ina bin wasanninta da tsinken saƙa a hannu, kuma a bana ina cikin atisayen shiga gudun fanfalaki na New York. Waɗannan abubuwa uku ba sa cin karo da juna, hasali ma kowanne yana tallafar ɗan'uwansa, kuma ina ganin akwai abin da shafinku zai ɗauka daga ciki.

Ƙungiyar tawa ita ce Yankees, wadda filin wasanta yake kan titi na 161 a nan Bronx, unguwar da ke cike da mutanen Afirka ta Yamma, har da Hausawa na zangunan Ghana da na Nijar da Najeriya. Da yawa daga cikin mutanenmu suna wuce filin kullum a jirgin ƙasa mai lamba 4 a kan hanyarsu ta zuwa aiki, amma ba su taɓa sa ƙafa a ciki ba, ba su kuma damu da abin da ake yi a can ba. Ni ma ta hanyar aiki na san wasan. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma wata dattijuwa da na daɗe ina yi wa hidima ba ta yarda a kashe mata rediyo idan Yankees suna wasa. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin talabijin sosai, amma hannunta bai manta da saƙa ba. Daga gida da saƙar kwarashi kaɗai na zo, ita ce ta koya mini ta tsinke biyu, kuma a wannan zaman ne kunnena ya saba da muryar John Sterling, wanda ya fara kawo sharhin wasannin ƙungiyar a rediyo a 1989 ya yi ritaya a 2024, tare da abokiyar aikinsa Suzyn Waldman.

Ga wanda bai san wasan ba, kowane ɓangare yana da 'yan wasa tara. Mai jifa yana wurga ƙwallo, ɗan ɗaya ɓangaren yana ƙoƙarin dukanta da kulki, idan ya same ta sai ya ruga ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya fara, wannan shi ne maki ɗaya. Ana yin zagaye tara, kuma a kowane zagaye ɓangare yana ci gaba da duka har sai an fitar da mutum uku daga cikinsa. Abin da ya sa wasan ya dace da mai saƙa shi ne yawancinsa jira ne. Ana jifa, a dakata, a sake jifa, mai sharhi ya cike tsakanin da hira da tarihi, sai can a ji ƙarar kulki da ihun jama'a, a lokacin ne mutum zai ɗaga kai. Ga shi kuma ƙungiyoyi 30 na babbar gasar kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, wato kusan kowace rana akwai wasa har tsawon wata shida. Babu mai aiki da iyali da zai iya zama ya zura wa talabijin ido a duk waɗannan wasanni, dole ne a bi su da kunne yayin da hannu yake wani abu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin haka masu ɗinkin hula suke yi a gindin bishiya, allura tana tafiya rediyo yana magana, har hula ta ƙare labari bai wuce su ba.

Amurkawa ma sun lura da wannan dangantaka, shi ya sa tun 2005 aka fara ware wata rana a filin ƙungiyar Mariners ta Seattle, ana kiranta Stitch N' Pitch, inda masu saƙa suke zuwa da zarensu su cika ɓangare guda na filin, daga baya wasu ƙungiyoyi suka kwaikwaya.

Batun gudu kuwa daga baya ya shigo, bayan likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya ce in nemi abin da zai riƙa fitar mini da gumi. Na fara da tafiya a Macombs Dam Park, wanda ke maƙwabtaka da filin Yankees, kuma wani ɓangarensa a kan gurbin tsohon filin yake, wanda aka yi wasa a cikinsa daga 1923 zuwa 2008. Akwai da'irar gudu a wurin, kuma idan ana wasa da yamma mai gudu yana jin ihun 'yan kallo yana tasowa daga bayan katanga tun kafin muryar mai sharhi ta iso kunnensa ta waya ta faɗa masa dalili. Daga tafiya na koma sassarfa, daga sassarfa na fara shiga ƙananan tsere. Ƙungiyar New York Road Runners, wadda ke shirya babban gudun, tana da wani tsari da ke bai wa mambanta gurbi a shekara mai zuwa idan ya kammala tsere tara daga cikin nata, ya kuma yi aikin sa kai a guda ɗaya. Ta nan na samu nawa gurbin, domin ta hanyar ƙuri'a masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

Nisan gudun kilomita 42.195 ne, ma'aunin da ya samo asali daga gasar Olamfik ta Landan a 1908. Na New York ya fara a 1970 da mutum 127 suna zagaya Central Park, 55 ne suka kai ƙarshe, sai a 1976 aka fito da shi titi ya ratsa gundumomi biyar na birnin, kuma yanzu fiye da mutum 50,000 suke kammala shi a ranar Lahadin farko ta Nuwamba. Ana tashi daga Staten Island, a bi ta Brooklyn da Queens da Manhattan, a shigo Bronx ta gadar Willis Avenue a wajen kilomita na 32. Wannan wuri shi ne inda masu gudu suka fi tsoro, saboda a daidai nan ne abincin da jiki ya tara a tsoka yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi, zuciya ta fara ba mutum shawarar ya tsaya. Ni dai ina ganin sa'a ce a gare ni cewa wahalar za ta same ni a unguwarmu, inda 'yan'uwa za su tsaya a bakin titi, kuma kunyar idonsu kaɗai ta isa ta hana ni zama a gefen hanya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kalandar abubuwan uku ta zo daidai. Atisayen wannan gudu yakan ɗauki wata huɗu zuwa biyar, don haka wanda zai yi na Nuwamba yana farawa ne a Yuli, lokacin da kakar besbol take tsakiya kuma zafi yake kan ganiyarsa. Ana gudu kwana huɗu ko biyar a mako, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan don kada gwiwa ko agara ta samu rauni, sannan a ware rana ɗaya ta dogon gudu, wanda yake ƙaruwa har ya kai kilomita 30 ko 32. Nawa dogon gudun ranar Lahadi nake yin sa bayan sallar asuba, da hijabin wasanni da riga mai dogon hannu, kafin rana ta buɗe. Wanda ya yi irin wannan gudu da safe ba shi da sauran ƙarfin zuwa biki ko yawon kanti, abin da jikinsa yake buƙata shi ne ya zauna ya miƙe ƙafa, kuma wasan Lahadi galibi da rana ake yin sa. Sai in ɗora ƙafafuna a kan kujera, in jawo kwandon zaren ulu, in kunna rediyo. Hutun da masu horarwa suke nanata cewa shi ma ɓangare ne na atisaye, ni saƙa da Yankees ne suke tilasta mini yin sa, kuma kafin sanyin Disamba ya shigo yara sun samu huluna da safa.

A kan haka ne nake goyon bayan agogon da aka sa wa masu jifa a 2023, wanda ya ba su daƙiƙa 15 su wurga ƙwallo idan babu kowa a tasha. Tsofaffin magoya baya sun yi ta ƙorafi cewa an ɓata wasan, amma matsakaicin tsawonsa ya sauko daga sa'a 3 da minti 4 a 2022 zuwa sa'a 2 da minti 40 a 2023. Gaskiya ne layukan saƙar da nake yi a wasa ɗaya sun ragu, amma wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma yana ƙarewa kafin goma, mai tashin asuba ya samu barci. Idan kuwa ƙungiyar ta tafi Kalifoniya, inda wasa yake farawa ƙarfe goma na dare a agogon New York, sakamako kawai nake dubawa da safe, domin babu ƙungiyar da ta kai in sayar mata da barcina.

Wata mafi wuya shi ne Oktoba. A makonni uku na ƙarshe mai gudu yana rage atisaye sosai don jiki ya farfaɗo, sai ya samu kansa da lokaci mai yawa da fargaba mai yawa, kuma a daidai lokacin ne ake wasannin fitar da gwani. Yankees sun ɗauki kofin World Series, wato na zakaran babbar gasar, sau 27, fiye da kowace ƙungiya, na ƙarshe a 2009, saboda haka da suka kai jerin wasannin ƙarshe a 2024 da Dodgers ta Los Angeles unguwa ta ɗauki zafi. A daren 30 ga Oktoba, a wasa na biyar, suna gaba da maki 5 da nema, ina saƙa abin naɗa wuya hankalina kwance. Da aka shiga zagaye na biyar sai ɗan wasanmu Aaron Judge, wanda ya kafa tarihi a 2022 da bugu 62 da suka tsallake katanga, ya saki ƙwallon da ta faɗo masa a hannu, kuskurensa na farko a duk shekarar. Anthony Volpe ya yi jifar da ba ta isa daidai ba, sannan mai jifa Gerrit Cole bai ruga ya tsare tashar farko ba. Kafin zagayen ya ƙare Dodgers sun rama duka biyar ɗin, daga ƙarshe suka ci 7 da 6 suka ɗauki kofi a gidanmu. Duk mai saƙa ya san idan rai ya ɓaci hannu yana jan zare da ƙarfi, kuma har yau idan aka shimfiɗa abin wuyan nan ana ganin inda ya tsuke a tsakiya kamar faɗin yatsu uku. Kwana huɗu bayan haka na tsaya a bakin titi ina kallon masu gudu suna haurowa daga gadar Willis Avenue, a ranar da Abdi Nageeye, ɗan Holan haifaffen Somaliya, da Sheila Chepkirui ta Kenya suka yi nasara.

Akwai wanda ya haɗa biyu a lokaci guda. A 2013 wani malamin jami'a mai suna David Babcock ya saƙa abin wuya mai tsawon fiye da mita uku da rabi yana cikin gudun fanfalaki na Kansas City, har ya shiga kundin Guinness. Wannan bajinta ce ta nishaɗi, ba na ba kowa shawarar ya yi gudu da tsinke a hannu.

Edita, ba ina roƙon ku riƙa buga sakamakon wasannin Yankees ba ne, domin na san masu karatu a Kano ko Zinder ba su da abin yi da shi. Roƙona shi ne shafin wasanni ya riƙa tunawa da wasan da mai karatu zai yi da jikinsa, da kuma mata da dattawa waɗanda su ma suna da sha'awa amma ba a rubutu domin su. Tun 2016 ake gudun fanfalaki a Legas kowace shekara, 'yan Kenya da Habasha suna zuwa suna kwashe manyan kyaututtuka, alhali muna da matasa a tsaunukan Filato da suka yi fice a dogon gudu kuma ba kasafai ake jin sunansu a jaridun Hausa ba. Ku aika wakili ya gana da su da masu horar da su. Ku nemi likita ya bayyana wa mai hawan jini ko ciwon suga yadda zai fara motsa jiki ba tare da ya cutar da kansa ba, da yadda mai azumi zai tsara atisayensa, da irin suturar da mace za ta yi gudu da ita cikin mutunci ba tare da zafi ya galabaitar da ita ba. Idan kuma za a yi tsere a wani gari, ku sanar da ranar tun da sauran wata huɗu ko biyar, domin sanarwar da ta fito ana saura mako guda ba ta da amfani ga wanda yake son ya shirya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Bronx, New York, Amurka.