Wasiƙar godiya ga shagon hayar littattafai na bakin kasuwar Tawa

Zuwa ga Hajiya mai shago da yaran da ke taya ta aiki. Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da na daɗe ina yi muku da baki ta isa kunnen waɗanda ba su san ƙofar shagonku ba. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Tawa, kuma kamar yawancin ƴan Nijar, da Faransanci aka buɗe mini ido a karatu. Hausar boko kuwa a kan bencin shagonku na kama ta, ina bin littattafan soyayya baƙi bayan baƙi, a kan dala 20 na kwana uku.

Kowa ya san waɗannan littattafai a Kano suka yi ƙarfi tun shekarun 1980, kuma kafin su iso hannunmu sai sun ratso Sakkwato da Illela da Birnin Ƙonni. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, sabon kaya ya yanke wata da watanni, amma ba ku rufe shago ba, ba ku kuma ƙara ko dala a kan kuɗin haya ba. Da idona na gan ki, Hajiya, kina ɗinke tsofaffin littattafai da zare da allura, kina yi musu sabon bango da kwali.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne yadda kike tace labaran da suka shafi so tsakanin mai shi da mara shi. Irin wannan labari ya cika kasuwa: ɗiyar attajiri ta ƙyalla ido a kan direban gidansu, ko ɗan sarauta ya nace sai mai tallar fura. Da yawa daga cikinsu, in faɗi gaskiya, marubutan kan tsere wa maganar da suka taso, domin a kashi na uku sai a gano ashe talakan ɗan wani hamshaƙi ne da ya ɓata tun yana jariri, shi ke nan sai biki. Kin taɓa ce mini irin wannan ƙarshe yaudarar mai karatu ce, kuma na yarda da ke. Waɗanda kike ware mana a kantar sama su ne masu tsayawa su kalli lamarin ido da ido, su nuna nauyin sadaki da lefe a kan saurayi, da nauyin kayan ɗaki da gara a kan uwar amarya, da gorin da dangin miji ke yi wa yarinyar da ta shigo babban gida da akwati ɗaya.

Mu mutanen Adar wannan ba tatsuniya ba ce a wurinmu. Samarinmu nawa ne suka tafi bida Abijan ko Libiya domin tara kuɗin aure, suka dawo suka tarar an ɗaura wa yarinyar aure da wanda ya fi su ƙarfin aljihu? Bayan kuɗi kuma ga maganar asali, wadda ta fi wuyar taɓawa, inda ɗan maƙera ko ɗan mahauta zai zo da ilimi da sana'a da mota, amma a koma ana tonon kakanninsa. A zauren gida ba a cika buɗe wannan zance ba, sai ga shi a shagonki mata na muhawara a kansa da sunan mutanen cikin littafi, kowa kuma ta san da wa ake.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Matar wani babban ma'aikaci ta aiko direbanta karɓar kashi na uku na wani littafi da ake rububinsa, alhali wata yarinya mai aikatau ta riga ta rubuta sunanta a kayen jira. Kika buɗe kayen, kika nuna wa direban layi, kika miƙa wa yarinyar littafin, kika ce ya gaida Madam, nata sai jibi.

Yanzu da yawa sun koma karatu a waya, ta WhatsApp da Wattpad, ban kuma ga laifinsu ba, sai dai ba kowace mace ke da babbar waya ko kuɗin intanet ba, don haka ina roƙon kada ku saki takarda. Roƙona na biyu shi ne, tunda an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ku ware kanta guda ga marubutanmu na Tawa da Maraɗi da Damagaram, ko da kuwa littafi biyar za a fara da shi.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya ba ki lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaran shago jagora.

Wassalam.
Ɗiyarki, malamar makaranta daga Tawa.