Zuwa ga Ɗana Haruna, Kan Batirin Jirginka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Kawunka da iyalinsa a unguwar Nima, can Accra. Mu ma nan Aboabo a Kumasi lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ƙanwarka ta faɗa wa mahaifiyarka, ita kuma ta faɗa mini, cewa ka cire batirin da ɗan jirgin samanka mai rimot ya zo da shi ka sa babba, domin 'yan mintocin da yake yi a sama ba su ishe ka ba. Ban ga laifinka a nan ba. Ni na saya maka jirgin nan da hannuna duk da surutun da aka yi a gida, kuma har gobe ban yi nadama ba, tunda shi ya raba ka da zaman bakin titi.

Amma shekara 30 na yi a kan teburin gyaran rediyo, saboda haka ka saurara. Idan daga mAh 1300 (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) ka koma 2200 kuma duka 3S ne, wato masu gida uku, nauyi ka ƙara, wajen giram 60, sai ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fikafikai, inda takardarsa ta nuna, ka riƙa matsar da batirin har hancin ya ɗan sunkuya kaɗan, kuma ka sani zai riƙa sauka da gudu fiye da da. Idan kuwa daga 2S mai gida biyu ka haura 3S, ƙarfin wutar ya tashi daga bolt 7.4 zuwa 11.1, wanda zai iya ƙona injin da na'urar da ke daidaita gudunsa, in ba an yi su don haka ba.

Wannan duk asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Abin da ya hana ni barci shi ne an ce da dare kake sa shi caji, a kan katifa, ka kwanta. Haruna, da hankalinka? Batirin LiPo, irin na jirginka, idan ya kama wuta, ba ya jiran ka farka, kuma babba ya fi ƙarami ci. Ka san lungunan Nima, inda motar kashe gobara ba ta iya shiga, ka kuma san 'ya'yan Kawunka bango ɗaya ne tsakaninka da su. Da idona na ga hayaƙin gobarar kasuwar Kejetia ta nan Kumasi a 2023, na ga dattawa suna kuka kamar yara. Kai baƙo ne a gidan nan, amana aka karɓe ka, kuma ban san da wace fuska zan dubi surukina ba idan wani abu ya faru ta dalilinka.

Ka yi cajinka da rana, a kan siminti, da bokitin yashi kusa, kana zaune a wurin har ya cika. Ka yi amfani da cajar da ke daidaita gidajen batirin, kowane gida kada ya wuce bolt 4.2. In an ɗauke wuta, ka zare shi nan take. Wanda ya kumbura ko ya lotse bayan faɗuwa kuwa, kada ka sake jona shi, ko nawa ka saye shi.

Na san ba ganganci ne halinka ba, ɗoki ne, kuma a wurina ka gaje shi. Idan cajarka ba irin wadda na ce ba ce, ka faɗa mini kuɗinta in turo maka a wannan makon. In za ka zo Sallah ka taho da jirgin, ina so mu auna shi tare. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a.

Mahaifinka.