Don Allah a zo a gwada mana ruwan famfon da muke sha

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita barka da aiki, ya jama'ar ofis, Allah ya ƙara basira amin. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, maganar ruwan famfon garinmu ce, wani ɗan ƙaramin gari nan kusa da iyakar Nijar. Ba zan kama sunan gari ko na wani ofis ba don ba tozarta kowa na zo yi ba, kuma na san duk wanda ke zaune a gari irin namu in ya karanta sai ya ce ai da nasu garin nake.

Ranar da aka fara sako mana ruwan famfo wallahi har guɗa mata suka yi, an haƙa burtsatse an ɗora tanki a kan tudun bayan makaranta an ja bututu unguwa unguwa, iyayenmu mata da hannunsu ya yi kanta saboda jan guga suka ce yau dai mun huta. To yanzu ruwan sau biyu yake zuwa a sati, wani satin ma sau ɗaya, kuma da asuba ne, in ka yi barci ya wuce ka sai ka nemi 'yan garuwa. Rashin zuwan ma da sauƙi, abin da ke fitowa in ya zo shi ne damuwata. Da ka murɗa kan famfon sai ya yi ta tari yana fitar da iska, sannan ruwa ya fito jaja-jaja kamar an dama jar ƙasa, ga wani wari da duk wanda ya taɓa tsallake kwata ya san shi. Mai ɗakina bokiti biyun farko gefe take turawa na wanke banɗaki ne, sai na ukun in ya fara washewa take tara na randa, haka kowane gida ake yi har abin ya zame mana jiki ba mai magana.

Ni kaina ban fahimci daga ina warin yake ba sai da wani yaro mai gyaran famfo ya ja ni bayan masallacin unguwarmu ya nuna min da idona. Bututun da ke kawo mana ruwa a cikin lambatu yake kwance, baƙin ruwan wanke-wanke da na wanka da fitsarin unguwa duk a kansa suke bi, ya tsage a wuri biyu wani bawan Allah ya yanko robar tayar mashin ya ɗaure. Ranar akwai ruwa, ina tsaye ina ganin wurin ɗaurin yana ɓulɓulo da kumfa ta cikin baƙin ruwan nan. Na ce masa to ai ruwanmu ne ke fita, asara ce kawai. Ya ce a'a Baba, yanzu da akwai ƙarfin ruwa a ciki fita yake yi, amma da an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko sai ya koma zuƙa, duk abin da ke cikin kwatar nan ta tsagar nan yake shiga ya kwanta a ciki kwana uku kwana huɗu yana jiran ranar da za a sako ruwa a turo shi gidajenku. Ya ce masu saka ɗan injin zuƙo ruwa a gidajensu ma ƙara ta'azzara abin suke don ƙarfin jan da injin ke yi har ruwan kwatar yake janyowa. Malam Edita na daɗe tsaye a wurin nan ban ce komai ba, don a ranar da safe da ruwan nan aka dama wa yarana koko.

Daminar da ta wuce 'yata mai shekara huɗu ta kwanta, da magariba ta fara gudawa kafin sha biyun dare ta haɗa da amai, idanunta suka faɗa ciki, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta komawa. Mun haɗa ruwan gishiri da sukari tana sha tana dawo da shi. A kan mashin na ɗauke ta uwarta na riƙe da ita a baya cikin ruwan sama, muka iske ɗakin yara a cike, wasu a kan tabarma a baranda an rataye musu ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusar taga. Leda huɗu ta sha kafin ta buɗe ido ta ce Baba, Alhamdulillahi ta tashi, amma yaron da ke gadon kusa da mu ɗan unguwar kasuwa bai kai safiya ba, Allah ya sa mai ceto ne. Malamar asibitin ta tambaye ni wane ruwa kuke sha, na ce mata ai na famfo ne, har da ɗan ƙwarin gwiwata na faɗa don a tunanina na famfo shi ne mai kyau, na rijiya da na tafki su ne abin tsoro. Ta ce duk waɗannan da kake gani kusan duk amsar da iyayensu suka ba ni ke nan.

Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 2021 kaɗai hukumar daƙile cututtuka ta NCDC ta ce mutum sama da dubu 111 ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohinmu na Arewa irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su suka fi jin jiki. Duk damina sai an yi, mu ce annoba ce ta shigo, a yi jana'iza a yi zaman makoki, bututu yana nan kwance cikin kwata.

Amma gaskiya abin da ya fi tsorata ni ma ba jan ruwan ba ne, shi wannan ko yaro ya gan shi ya san da matsala. Ruwan da ya fito garau kamar hawaye, ba wari ba ɗanɗano, shi ne ba ka da yadda za ka sani. Ina zuwa Maraɗi harkar kasuwa kuma muna da dangi ta wajen Tibirin Gobir, duk mutumin yankin nan ya san abin da ya faru a can. A 1985 aka fara ba mutanen Tibiri ruwan wata burtsatse mai zurfi, ruwa fari tas, suka yi murna kamar yadda muka yi, ashe ƙasan wurin akwai sinadarin fuloraid da yawa a cikin ruwan, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi wato miligiram 1.5 a kowace lita fiye da sau uku. Kusan shekara 15 ana sha. Yaran da suka taso da ruwan nan haƙoransu suka rine suka zama ja, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe suka gwame, wasu tafiya ma ta gagare su. Iyaye suka yi ta yawon neman magani, wasu na cewa iska ce wasu na cewa sammu, alhali abin yana cikin randarsu. Na ga wasu daga cikin yaran nan da idona sun zama magidanta yanzu, tafiyarsu kaɗai za ta gaya maka da wane ruwa suka tashi. Kuma irin wannan sinadarin ko ka tafasa ruwan ba ya fita, sai ma ya ƙara taruwa in ruwan ya ƙone. Haka gubar dalma, ita ma tafasawa ba ta kore ta, kuma mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda yara sama da 400 suka rasu, duk da dai can ta ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta fi shiga jikinsu. Abin da ya haɗa Tibiri da Zamfara a wurina shi ne sai da yara suka nakasa ko suka mutu sannan aka kawo na'ura aka gwada.

To shi ne nake tambaya, namu ruwan wa ya taɓa gwada shi? Tun da aka kafa tankin nan ban taɓa ganin wani ya zo da kwalba ya ɗibi ruwa ya ce zai kai a auna ba, na tambayi mai unguwa na tambayi limaminmu wanda gidansa ke kallon tankin, ba wanda ya taɓa gani. Na je na samu dattijon da ke tada injin, mutumin kirki ne wallahi ba na ganin laifinsa, shi ma albashinsa sai ya yi watanni bai gani ba, na ce Baba yaushe rabon da a zuba kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a tankin nan, ya ce shi dai rabon da a aiko masa da shi har ya manta, na ce wanke tankin fa, sai ya ce in hau in leƙa. Na hau. Murfin ya ɓalle an ɗora kwano an danne da dutse, bangon ciki duk gansakuka, ƙasan kuma laka ce kwance da kashin tsuntsaye a bakin murfin.

Kuma fa ba wai babu doka ba ne. Nijeriya tana da ƙa'idar ingancin ruwan sha tun 2007 aka kuma sabunta ta a 2015, a ciki an ce ƙwayar cutar da ake kira E. coli, wadda ganinta a ruwa yana nufin kashi ya shiga ruwan, kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ruwan da aka sa wa kulorin ya kamata a samu ragowarsa aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin famfon da mutum ke tara, don shi ne zai ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta a hanya. Abin auna kulorin ɗin nan ɗan ƙaramin abu ne da zai shiga aljihu, a sa ƙwaya a ruwa ya canja launi a duba, ba sai an kira bature ba. A watan Nuwamban 2018 marigayi shugaba Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, mun ji a rediyo mun yi murna, mu dai har yau ta-ɓacin ba ta iso bayan masallacinmu ba.

Ba zan ɗora wa hukuma komai ba, mu ma da namu. Mutum zai haƙa salga taku biyar da rijiyar maƙwabcinsa alhali masana suna cewa a ba da tazarar kamar mita 30, wani zai zo da dare ya huda babban bututu ya ja gidansa ya ɗaure da leda, jarkokin 'yan garuwa in ka haska ciki da tocila kore shar, ga moɗa ɗaya a kan randa yaro ya fito daga banɗaki ya tsoma hannu har wuyan hannu. Da can akwai duba-gari, kakata tana ba mu labarin yadda in aka ce ga shi nan tafe kowace mace sai ta wanke randa ta share tsakar gida don har cikin randar yake leƙawa. Kuma mutanenmu in aka yi musu bayani suna ji, shaidata ita ce kurkunu, muna yara akwai damina da rabin manoman gari ke kwance da ƙafa a kumbure ana naɗe tsutsa a jikin tsinke, da aka bi gari gari aka ce ga inda take, a tace ruwa da ƙyalle, kada mai ciwon ya shiga tafki, mutane suka bi, a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Yarana ko sunanta ba su sani ba.

Wasu in ka yi wannan ƙorafin sai su ce to ka sayi ruwan leda mana ko ka dinga tafasawa. Mu goma sha ɗaya ne a gidana, da zafin bazarar nan jaka nawa za ta ishe mu a rana? Shi kansa ruwan ledar wani a bayan gari ake ɗura shi ba mu san daga ina ba. Tafasawa muna yi tun ciwon yarinyar nan, na ƙananan yara dai, don itacen da za a dafa ruwan mutum goma sha ɗaya kullum ya fi ƙarfin aljihuna, kuma yaro in ya fita makarantar allo ko ta boko duk famfon da ya gani kafa kai zai yi. Mata suna jefa alam ruwa ya kwanta ya yi fari su ɗauka shike nan ya gyaru, alhali alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Roƙona ga masu iko da ruwan ƙananan garuruwa, a jiha ne ko a ƙaramar hukuma, a turo a ɗibi ruwanmu a bakin burtsatse da cikin tanki da famfon ƙarshen layi a auna, har da su fuloraid da dalma ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba, kuma abin da aka gani a faɗa mana da Hausa, a manna a ƙofar hakimi a karanta a masallacin Juma'a, in mai kyau ne mu sha da kwanciyar hankali in ba kyau mu san matakin ɗauka. A dinga yi ko sau biyu ne a shekara, musamman gab da faɗuwar damina. Bututun da ke cikin kwata kuwa a kawo kayan aiki da ma'aikaci ɗaya, matasan unguwarmu sun ce haƙa da ɗauka nasu ne kyauta, mun riga mun yi maganar a gaban mai unguwa.

Ku kuma Malam Edita don Allah ku turo wakilinku, kar ya tsaya a ofis a babban birni a karanta masa takarda, ya zo ranar da ake sako ruwa da asuba ya tsaya a bakin famfo. Na cika gora ɗaya da ruwan farko na ranar Talatar da ta wuce na rubuta kwanan wata a jiki na ajiye, in ya zo zan ba shi, kuma ni da kaina zan kai shi bayan masallacin ya ga robar nan.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
wani magidanci daga bakin iyaka.