Aikin soja ba gidan mari ba ne, a daina tura yara don sun gagara

Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan sam mani fili a shafin wasiƙu in yi magana da iyaye da yayye 'yan uwana Katsinawa a kan wata magana da na gaji da jinta a majalisa.

Duk sanda aka ce an buɗe shafin ɗaukar kuratan soja sai ka ji ana cewa ai ɗan wane ya gagari kowa, ba boko ba allo ba sana'a, sai shaye-shaye da kwana a waje, a cika mashi fom kawai a kai shi soja su gyara mashi zama. Wallahi har dattawa masu furfura na ji suna faɗin haka, kuma da zuciya ɗaya suke faɗi, a ganinsu taimako ne. To ni dai ban yarda ba, kuma ba da ka nake magana ba, autanmu ya shiga ya fito, da ƙafarsa ya je ba wanda ya tura shi, asali ma Inna ba ta so ba sai da kawunmu ya sa baki, kuma abinda ya ba mu labari da ya zo hutu bayan yaye su shi ya sa na ce bari in rubuto.

Wurin da aka kai shi shi ne Defo ta Zariya, makarantar horar da kuratan soja, wadda aka kafa tun 1924, tana nan cikin barikin Chindit, sunan da ya samo asali daga yaƙin ƙasar Bama (Burma) inda kakanninmu suka je lokacin yaƙin duniya na biyu. Horon kusan wata shida ne. A baki wata shida ba komai ba ne, ai ko damina guda ce, amma ka tambayi wanda ya yi.

Ya ce ranar farko kafin ka gama kalle-kalle an yi maka aski tal kwabo, duk gayun da ka zo da shi ya bi ƙasa, an ba ka lamba an jefa ka kamfani, wato rukunin kuratan da za ka zauna ciki, daga ranar ba mai kiranka da sunan da aka raɗa maka. Kuma kurtu ba ya tafiya irin ta mutane, ko ina za shi da gudu ne, wurin cin abinci da gudu, bayan gida da gudu, in kofur ya hango ka kana takawa a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure to ranar ka shiga uku. Tashi kuwa tun kafin kiran sallar farko, a cikin sanyin Zariya, wanda ya san hunturun can ya san ba irin namu ba ne, ka yi wanka da ruwan da ya kwana a waje in ma ka samu, ka gyara gado ka share ɗaki ka fito layi a ƙirga ku, in mutum ɗaya ya makara duk sai kun sha gwale-gwale saboda shi, tsallen kwaɗo ne, birgima a ƙasa ce, a ce ka ɗora yatsa a ƙasa ka yi ta juyi har jiri ya kada ka. Daga nan a fita gudun safe ana waƙa ana tafi, ya ce waƙar nan ita ke riƙe mutum, in ka yi shiru ka fara tunanin gida nan take ƙafa za ta mutu.

Bayan karin kumallo sai fareti. Nan ne ya fi daɗewa yana ba mu labari muna dariya, amma shi a lokacin ba dariya yake ba. Rana ta take, takalmin but sabo ya ci maka dunduniya ya yi ƙurji ya fashe, ka sa safa a kan ciwon ka sake sawa, saje na tsaye yana daka tsawa da wani irin Turanci da ba a koya maku a sakandare ba, a ce a juya hagu rabin layi su yi dama, a sake, a sake, har sai mutum ɗari sun buga ƙafa ka ji kamar mutum ɗaya ne. Sai aji, don akwai karatu sosai, abinda mutanenmu ba su sani ba ke nan, suna zaton duka ne kawai da gudu. Ana koya masu kwance bindiga da haɗa ta da goge ta, da karanta taswira da amfani da kamfas, da taimakon gaggawa in an harbi na kusa da kai, da dokokin soja, da yadda ake ɓuya a daji, kuma ana jarrabawa. Ya ce babban yaƙin da ya yi a aji da barci ne, ka zauna a inuwa bayan ka sha rana ido ya riƙa rufewa da kansa, wanda aka kama yana gyangyaɗi kuwa sai dai Allah ya ƙara haƙuri. Da yamma a koma fili, hawa igiya, tsallake katanga, rarrafe a ƙarƙashin waya, da dare wanki da guga da goge takalmi har sai ka ga fuskarka a jiki, sannan in layin gadi ya zo kanka ka tsaya a cikin duhu sauran na barci.

Abinci ana ba su sau uku, shinkafa, wake, teba, shayi da burodi, amma lokacin cin ne kaɗan, yaron da ya saba zama a tabarma ya ci tuwo a nitse ya kora da fura sai ya koyi haɗiya da zafi. Ya ce bai taɓa sanin garin rogo da suga da ƙuli-ƙuli dukiya ba ne sai a can. Sallah kuma akwai masallaci akwai liman, kamar yadda akwai coci, ba wanda ya hana shi ibada, sai dai mutum ya koyi yin ta cikin ɗan lokacin da ya samu, wanda dama can a gida sai an tashe shi da bulala to a can ba mai binsa.

Abu ɗaya da ya ba ni sha'awa, wanda ke gadon sama da shi ɗan Kuros Riba ne, ɗayan kuma daga Binuwai. Autanmu da ko Kaduna bai taɓa zuwa ba ya dawo yana buroka tiryan-tiryan, su kuma ya ce sun iya gaisuwa da Hausa har da zagi. Ranar da zazzaɓi ya kama shi a daji lokacin atisayen ƙarshe wannan yaron na Kuros Riba shi ya ɗaukar mashi jaka ya haɗa da tasa har suka kai sansani. Har yau in ya kira waya Inna sai ta karɓa ta sa mashi albarka, shi ba ya jin rabin abinda take cewa amin kawai yake ta yi.

To Edita, ka dubi duk wannan ka gaya mani, yaron da bai so ba, wanda aka turo don a huta da shi a gida, da mi zai jure? Wanda ya je da niyyarsa ma sai da ya yi kuka a ɓoye ya ce mi ya kawo ni, balle wanda ƙwaya ce ke tashinsa da safe. Da farko ma akwai gwajin lafiya tun wurin tantancewa, ana duba jini da fitsari da ido da ƙirji, da yawa nan ake sauke su. Wanda ya zille ya shiga kuma ko dai jiki ya ƙi a sallamo shi, ko ya haura katanga ya gudo ya dawo unguwa da kunya da ƙarin taurin kai, abinda aka gudu ya ninku. In kuma ya daure ya gama aka rantsar da shi, to nan ne ma abin tsoron, don an ɗauki bindiga an damƙa wa wanda uban da ya haife shi ya kasa damƙa wa makullin shago. Gudu bayan rantsuwa kuma ba irin barin aikin kamfani ba ne, laifi ne a dokar soja, kotun soja ce ke jiran mutum. Kuma sojan nan da muke cewa a kai ya gyaru, gobe shi ne za a tsayar a shingen hanyar Jibiya ko Batsari, shi zai tare motar da matanmu da 'ya'yanmu ke ciki. Wane iri muke so mu tarar a wurin?

Ban ce horo ba ya canza mutum ba, yana canzawa ƙwarai. Autanmu da sai an yi faɗa yake wanke kwanon da ya ci abinci yanzu kafin kowa ya tashi ya share tsakar gida. Amma abinda ke cikin mutum shi horon ke fitowa da shi ya ƙara mashi ƙarfi, ba a zuba tarbiyya a wata shida.

Abin ma da ke ba ni haushi, mu Katsinawa bai kamata a ce mu ne ke kallon kaki da wannan idon ba. Sarki Usman Nagogo ɗansa na cikinsa ya bari ya shiga soja, Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya riƙe gwamnan Jihar Arewa a 1966 daga baya ya zama shugaban rundunar sojan ƙasa. Ga Shehu Musa 'Yar'aduwa ɗan Matawalle, ga Muhammadu Buhari daga Daura. Na san su hafsoshi ne ba ta Defo suka bi ba, amma gidajen da suka fito ba jefar da su suka yi ba, zaɓa aka yi aka bayar. Yau kuma ga halin da muke ciki daga Safana zuwa Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, manomi ba ya iya zuwa gonarsa hankali kwance, muna kukan a turo sojoji, amma in an zo ɗauka mai hankalin sai mu ɓoye shi mu miƙa wanda muka gaji da shi.

Wanda ɗansa ke so da gaske, to a shirya shi. Sharuɗɗan a bayyane suke: shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da wata sana'a, masu sana'a irin su kanikanci da tuƙi ana ɗaga masu zuwa 26, tsawo kada ya gaza mita 1.68 ga namiji, ga takardar kammala sakandare da Turanci a cikin darussan da ya ci, ga takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar NIN. A duba sunan da ranar haihuwar su zo ɗaya a duk takardun, yara nawa aka koro a kan wannan kaɗai, nan Muhammad can Mamman, nan wata shekara can wata. Ya fara gudun asuba tun da watanni, ya saba da rufaffen takalmi, ya koyi wanki da guga da ɗinke maɓalli da kansa. Sannan fom kyauta ne a intanet, rundunar da kanta kullum tana nanatawa. Wani maƙwabcinmu sai da ya sayar da tumakin matarsa ya ba wani mai baki da zaƙi da ya ce yana da hanya a sama, yau ga shi ba tumaki ba kaki, mutumin ko wayarsa ba ta shiga.

Sai mu na gida. Waya ba kullum kurtu ke samun riƙe ta ba, za a yi makonni ba ka ji ɗuriyarsa ba, wannan shirun ba ya nufin wani abu ya faru. Inna ta rame a watannin nan fiye da shi, kullum tana kan darduma, ga masu zuwa da labarin ƙanzon kurege wai an ce ana mutuwa a can kamar kaji, don Allah masu irin wannan bakin ku ji tsoron Allah ku bar uwa da abinda ke damunta. Ranar da ya samu ya kira kuma minti biyu ne ko uku, ba lokacin gaya mashi rikicin gado ba ne ko cewa yarinyar da yake so an kai kuɗinta, a ce mashi kowa lafiya, a yi mashi addu'a, a ajiye sauran sai ya fito. Kuma a daina lissafin albashinsa tun bai fara gani ba, wani tun yaro na tsallen kwaɗo an riga an raba kuɗinsa, wannan buhun taki wancan kuɗin makaranta, alhali farabiti ne zai fito ba janar ba.

Ranar faretin yaye duk wanda ke da hali ya je. Mu mota muka cika tun asuba muka bi ta Malumfashi da Funtuwa muka shiga ta Samaru, da suka fito a jere cikin kaki duk sun yi baƙi sun rame sun zama kama ɗaya wallahi ni ban gane shi ba, Inna ce ta nuna shi tun daga nesa wai ta ga tafiyarsa. Ya ce akwai yaran da ba wanda ya zo masu, suna tsaye gefe suna kallon masu ɗaukar hoto, mu muka jawo biyu muka ci dambun da aka kawo tare.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumominmu 34 da hakimai da masu unguwanni, akwai tsofaffin sojoji a kusan kowace unguwa, sajoji da samanjoji da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu komai. In lokacin ɗauka ya matso a tara yaran da ke da sha'awa a filin makarantar firamare, a kira waɗannan dattawan su gaya masu gaskiyar abinda ke can, su duba masu takardu, su fita da su gudu ko sau biyu a mako, a kuma kira iyayen su ji da kunnensu. Wanda ya ji ya ga ba zai iya ba ya janye tun a gida a nema mashi wata sana'ar. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko kwamiti, ruwan sha ne kawai da ɗan na goro ga dattawan.

Na gode Edita, Allah ya tsare mamu yaranmu da ke bakin daga, ya ba mu lafiya da zama lafiya a jiharmu.

Naku mai karatu kullum,
daga Ƙofar Sauri, Katsina.